Adaka, Bindiga Mai Ƙanƙara

Duk wanda ya girma a Yelu ya san ƙarar adaka. Maharbi ya shiga fadama da asuba, sai ka ji dum, hayaƙi ya turnuƙe. Wasu suna ce mata bindigar toka. Wasu kuma harba-ka-ruga, domin in ka harba ka kuskure, babu sauran dabara sai gudu. To, daga ina ta zo mana?

Asalinta ƙasar Turai ne. Da farko, bindigogin can da igiya mai wuta ake kunna su, in ruwa ya sauko aiki ya tsaya. Wajen shekarar 1610 wani maƙeri a Faransa ya kyautata wata dabara. Dabarar kuwa kowa ya san ta a nan, ƙyastu da ƙanƙara ce, irin ta hura wuta. Ana maƙale ƙanƙara a saman bindiga. In an ja kunama, sai ƙanƙara ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan albarushin da ke gefe, wuta ta bi ta wata ƴar kafa ta shiga ciki.

Ta baki ake cika ta. A zuba albarushi, a tura tsumma, a sa dalma ko guntayen ƙarfe, a daka da sandar ƙarfe.

Turawan da ke ciniki a bakin teku, har da mutanen Danmak da ke da gidan ciniki a Ankara, su suka riƙa kawo ta da yawa. Bayi da zinariya suke karɓa. Daga can fatake suka hau da ita arewa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya hau a 1731, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki ne ya fara ajiye ƴan bindiga a fada. A Damagaram, Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, har igwa da albarushi ya sa aka yi masa a gida.

Amma kada mu zuga ta. A yaƙe-yaƙen Kabi da Gwandu, waɗanda suka ja Dendi da Arewa ciki tun 1849, baka da doki su ne ƙarfin yaƙi. Kafin mai adaka ya sake dakawa, ɗan baka ya saki kibau da dama.

Me ya sa ta daɗe haka a hannunmu, bayan Turawa sun yar da ita? A 1890 manyan ƙasashe suka yi taro a Burusel, ƙasar Beljika. Suka ƙulla cewa kada a sayar wa mutanen wannan yanki bindigogin zamani, amma mai ƙanƙara an yarda. Su suka riƙe mai kyau, suka shigo da ita suka ci ƙasa, mu aka bar mu da tsohuwa.

Maƙeranmu ba su zauna ba. Suka koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙerawa. Masassaƙi ya fere ƙota da itace mai tauri, maƙeri ya yi kunama. Abin da ya fi wuya shi ne bututu. Da motoci suka yawaita, aka koma ga ƙarfen sitiyari, wasu ma bututun ruwa suke sawa. Ƙanƙara ma ta ragu, kan ashana ya gaje ta.

Nan ne haɗarin yake. Bututun ruwa ba don wuta aka yi shi ba. In albarushi ya yi yawa, ko tsatsa ta ci ƙarfen, a hannun mai ita take fashewa. Ni kaina na san wani tsohon maharbi da yatsu uku suka rage masa a hannun hagu. Gada ya auna ranar, gadar kuwa ta wuce abinta.