Daga Zauren Malam zuwa Samaru: Tarihin Ɗawainiyar Ɗalibi a Ƙasar Hunkuyi

Ƙasar Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, tare da maƙwabtanta Makarfi da Ikara, ƙasa ce ta manoman rake da tumatir da barkono da masara, kuma tun da daɗewa Zariya ce alƙiblarta a sha'anin neman ilmi, domin kusancin da ke tsakaninsu da kuma kasancewarsu duka a ƙarƙashin masarautar Zazzau. Tarihin karatun 'ya'yan wannan yanki ba ya cika in an tsaya ga littattafai da malamai kaɗai, saboda tambayar da ta fi damun iyaye a kowane zamani ita ce wane ne zai ciyar da ɗalibin, a ina zai kwana, kuma wa zai duba shi in ya kwanta ciwo. Amsar wannan tambaya ta sauya hannu sau uku cikin ƙasa da shekara ɗari.

A tsarin gargajiya, al'umma ce ke ɗauke da nauyin. Almajirin da ya bar ƙauyensu zuwa tsangaya, wato makarantar allo da ake haddar Alƙur'ani, yakan sami uwar ɗaki a cikin gari, matar da ke ajiye masa tuwo a kwanonsa kullum, shi kuma ya yi mata ɗiban ruwa da aike. Wanda ya sauke ya wuce makarantar ilmi, inda ake karanta littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, yakan sauka a zauren malaminsa a unguwanni irin su Kona da Juma a cikin birnin Zariya, ya riƙe kansa da ɗinkin hula ko rubutun allo, da damina kuma ya taya malam noma. Zakkar hatsi da sadakar attajirai da kuɗin Laraba, ɗan abin da iyaye ke bai wa malami kowane mako, su ne suka riƙe wannan tsari. Akwai yunwa a cikinsa, akwai kuma wulaƙanci ga yaron da bai dace da gida nagari ba, amma ginshiƙinsa shi ne yarda da cewa ciyar da mai neman ilmi ibada ce da ta rataya a wuyan gari baki ɗaya.

Da ilmin boko ya kafu, hukuma ta gaji wannan nauyi. Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan ta koma Zariya a 1949, daga baya aka sa mata suna Barewa, makarantar kwana ce da ke ba da abinci da tufafi da littattafai, kuma a kan wannan turba Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗora lokacin da aka buɗe ta a Samaru ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta san cewa ɗan manomi ba zai iya biyan kuɗin jami'a ba, don haka hukumar ba da tallafin karatu, abin da ake kira sukolashif, ta ɗauke wa mafi yawan ɗalibai kuɗin makaranta da na kwana da na abinci. A zamanin Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a, domin a ɗaga yaran da suka fito daga sakandaren karkara inda malaman kimiyya suka yi ƙaranci. Ga yankuna irin Kudan da Ikara, wannan makaranta ta fi kowane gini a Samaru amfani.

Waɗanda suka yi karatu a wancan zamani suna tuna ɗakin cin abinci fiye da komai. Ɗalibi yakan riƙe tikiti ya shiga layi sau uku a rana, ya sami shayi da burodi da ƙwai da safe, shinkafa ko tuwo da nama da rana da dare, kaza kuma ranar Lahadi. Ana wanke masa zanin gado, ana share masa ɗaki, kuma ɗakunan kwana irin su Suleiman da Danfodio da Amina ba su cika maƙil ba tukuna. Kusa da su akwai asibitin ɗalibai, da babban ɗakin karatu mai sunan Sa Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Kuɗin man fetur ne ya riƙe wannan walwala, musamman bayan gwamnatin tarayya ta karɓi jami'ar a 1975.

Tsagewar farko ta bayyana a Afrilun 1978, sa'ad da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙara kuɗin abincin yini daga naira ɗaya da kwabo 50 zuwa naira 2. Ɗalibai a faɗin ƙasa suka yi bore suna neman a tsige kwamishinan ilmi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka rasa rayuka a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Mai duba wannan lamari a yau zai iya ganin kwabo 50 bai kai abin zubar da jini ba, amma ɗaliban sun fahimci cewa hukuma ta fara zame kafaɗarta ne daga kayan da ta ɗauka. Hasashensu ya tabbata a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka janye tallafin abinci gaba ɗaya, sannan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, har kuɗin sukolashif ya koma abin da ba ya sayen littafi biyu.

Daga nan ɗawainiya ta koma gida, amma gida ɗaya, ba gari ba kamar da. Ɗalibin Hunkuyi ya shiga tafiya makaranta da buhun garin masara da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dakakken yaji da mazarƙwaila, yana girki a risho a bakin ɗaki, kuma aka ƙirƙiro lissafin nan na sifili-ɗaya-sifili, ma'ana babu karin kumallo, akwai abincin rana, babu na dare. Ɗakin da aka gina wa mutum biyu ya koma na mutum shida ko fiye, masu gado da masu raɓe, wanda bai samu ba kuwa sai ya kama haya a Samaru ko Hayin Dogo ko Bomo. Kuɗin rajista ya ɗauru ga kakar rake da farashin tumatir a kasuwa, ta yadda shekarar da kwandon tumatir ya faɗi, karatun yaro na iya tsayawa. 'Ya'ya mata ne suka fi cutuwa, domin uban da ba shi da tabbacin inda 'yarsa za ta kwana ba kasafai yake barinta ta tafi ba. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi da ƙungiyar ɗalibai Musulmi da majami'u suka shiga cike giɓi da karo-karo da darussan bita kyauta.

An buɗe sababbin ƙofofi a kusa, ciki har da Jami'ar Jihar Kaduna a 2004 da kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi, kuma asusun TETFund, wanda ya samo asali daga harajin ilmi na 1993, ya gina ɗakunan darasi masu yawa. Gini dai ba ya cika ciki. A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun rancen ɗalibai na NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana bai wa ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Rashin ruwa ya sa malamai da iyaye da dama sun sami natsuwa da shi, sai dai abin da kakan ɗalibin ya samu sadaka, mahaifinsa ya samu haƙƙi, shi bashi ya same shi, kuma nemansa yana buƙatar intanet da lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki, abubuwan da ba kowane ɗan ƙauye ke da su a hannu ba.

Ya kamata ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara, tare da hakimai da manyan dillalan rake da tsofaffin ɗaliban da suka ci abincin tikiti, su kafa wakafi, wato dukiyar da ake tsayarwa don amfanin jama'a har abada, a gina wa 'ya'yan yankin masauki a Samaru, a fara da na mata.