Daga Bututun Mai Zuwa Tankin Ruwan Gidanmu: Tarihin Na'urorin da Ke Sarrafa Gida

A watan Afrilun da ya wuce na yi 'yan kwanaki a gidanmu da ke Boɗinga. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfe biyun dare, ƙanena ya tashi ya kunna famfon rijiyar burtsatse, ya koma barci. Da asuba tsakar gida ta zama tafki, tanki ya cika yana ta zuba. Kwana uku kafin nan kuwa akasin haka ne ya faru: wuta ta zo kowa yana barci, ta ɗauke kafin gari ya waye, sai ga mu muna jiran 'yan garuwa. Baba ya dube ni ya ce, "Kai da kake ta karatun kimiyyar nan, ba abin da za ka iya yi wa tankin nan?"

Akwai abin yi. Wani ɗan allon lantarki da bai kai katin ATM girma ba zai iya sanin tanki ya cika ko ya yi ƙasa, ya kunna famfo ko ya kashe, ya kuma sanar da kai a waya. Sai dai kafin ka saya, yana da kyau ka san tarihinsa, domin tarihin ne zai nuna maka wanda zai yi aiki a Boɗinga da wanda zai zama kayan ado.

Farkon lamarin

A 1974 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fara sayar da TMS1000, wata ƙwayar kwamfuta da ta haɗa ƙwaƙwalwar lissafi da ma'ajiyar bayanai da ƙofofin shiga da fita a wuri guda. Irin wannan ƙwaya ita ce ke cikin rimot da injin wanki da cajar sola. Aiki ɗaya aka koya mata, shi take ta maimaitawa.

Shekara guda bayan haka, a 1975, kamfanin Pico Electronics da ke Glenrothes a Sikotilan ya fito da tsarin X10. Dabararsa ita ce aika umarni ta cikin wayar wutar gida kanta, ka danna maɓalli a ɗaki, fitila ta kama a falo. Tsarin yana da jinkiri, hayaniyar wasu kayan wuta tana rikita shi, amma ya nuna cewa kayan gida za su iya karɓar umarni daga nesa.

Matsalar da ta rage ita ce, rubuta wa waɗannan ƙwayoyi umarni aikin injiniyoyi ne masu kayan aiki masu tsada. Wannan ya canza ne a garin Ivrea na ƙasar Italiya. A wata makarantar koyar da zane da ƙira, wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, ya ƙirƙiro Wiring don sauƙaƙa wa waɗanda ba injiniyoyi ba. A kan aikinsa Massimo Banzi da abokansa suka gina Arduino a 2005, suka saki zanen allon da manhajarsa kyauta, kowa ya kwaikwaya. Shi ya sa yau ɗalibin da ke aikin kammala digiri a Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake iya samun kwafinsa da kuɗin aljihu. Arduino Uno da ya fito a 2010 yana da ma'ajiyar aiki ta kilobayit 2 kacal. Hoto guda a wayarka ya ninka haka sau ɗaruruwa, amma ya isa ya lura da tanki.

Dillalin saƙonni

To, allo ya samu, amma da wane yare zai yi magana? Amsar ta fito daga inda ba a zata ba, wato harkar man fetur. A 1999 Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suna neman hanyar karɓar bayanai daga bututun mai da ya ratsa daji, ta tauraron ɗan'adam. Layin yana da tsada, yana kuma yawan yankewa. Sai suka tsara MQTT, yaren da ke tsuke saƙo iya tsukewa, har kan saƙon yana iya zama bayit 2 kawai.

Tsarin ya yi kama da kara, kasuwar dabbobi. Mai sayarwa ba ya bin masu saye ɗaya bayan ɗaya, dillali yake gaya wa. Haka ma'aunin tanki zai ce wa dillali "ruwa ya kai rabi", shi kuma ya isar ga duk wanda ya yi rajistar son jin labarin tanki. Har wasiyya akwai a ciki: na'ura tana bar wa dillali saƙo cewa idan ka ji ni shiru, ka sanar na mutu. Ka ga wanda ya tsara wannan ya san layi na yankewa. An yi shi don dajin da sadarwa ke wahala, sai ga shi ya dace da mu. A 2014 ya zama ƙa'idar da kowa zai iya amfani da ita a ƙarƙashin ƙungiyar OASIS.

A wannan shekarar ce kuma wani ɗan allo mai suna ESP-01 ya shigo kasuwa, ɗauke da ƙwayar ESP8266 ta kamfanin Espressif da ke Shanghai a ƙasar Sin. Yana da Wi-Fi, farashinsa 'yan daloli kaɗan. Takardun bayaninsa da Sinanci suke, sai masu sha'awa suka zauna suka fassara su, wani mai suna Ivan Grokhotkov ya sa aka iya rubuta masa umarni da manhajar Arduino. A 2016 ƙanensa ESP32 ya biyo baya, da ƙarin ƙarfi da Bluetooth.

Ina ƙwaƙwalwar gidan take?

Nan ne tarihin ya rabu gida biyu. Kamfanoni da yawa sun sayar da kayan da ƙwaƙwalwarsu ke can kan kwamfutocin kamfanin. Ka danna waya a ɗakinka, saƙon ya tafi wata nahiya, sannan ya dawo ya kunna fitilar da ke saman kanka. Masu na'urar Revolv, wadda aka saya kusan dala 300, sun ɗanɗana kuɗarsu a watan Mayun 2016, lokacin da kamfanin Nest ya rufe hidimar, na'urorin suka daina aiki gaba ɗaya. A watan Afrilun 2022 masu Insteon suka wayi gari kwamfutocin kamfanin sun yi shiru ba sanarwa.

Ɗaya ɓangaren kuma ya ce ƙwaƙwalwa ta zauna a gida. A 2013 Paulus Schoutsen ya fara Home Assistant, manhaja ta kyauta da ke aiki a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ko tsohuwar laftof. Ita ce ke tattara labarin duk na'urorin gidan, ta nuna su a waya, ta kuma bi dokokin da ka gindaya. Theo Arends ya rubuta Tasmota, wadda ke 'yantar da makunnan Sonoff daga dogaro da kamfani. Otto Winter ya fito da ESPHome a 2018, inda kake rubuta 'yan layuka ka ce ma'auni yana ƙafa kaza, makunni yana ƙafa kaza, sauran aikin manhajar ta yi. Tun 2024 Home Assistant da ESPHome suna hannun gidauniyar Open Home Foundation.

Mu dawo gida

Ga mutumin Turai, wannan rabuwa gardama ce kan sirri da 'yanci. A wurinmu kuwa batun ruwan sha ne. Idan famfonka sai da intanet yake jin umarni, ranar da data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, tanki zai yi ambaliya kana kallo.

Ga yadda na haɗa namu. Ma'auni biyu masu yawo a kan ruwa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna shiga ESP32. Dokar kunnawa da kashewa a cikin allon kansa na rubuta ta, saboda ko laftof ta mutu, da zarar wuta ta dawo zai farka ya duba tanki ya yi abin da ya dace. Home Assistant aikinta nuna mana da ajiye tarihi, ta Wi-Fi ɗin gida, ba ruwanta da data. Abu biyu na koya da wahala. Na farko, allon da bolt 3.3 yake aiki, famfo kuma da 230, ɗan makunnin da ake sayarwa tare da allon ba zai daɗe da nauyin famfo ba, dole a sa kwantakta, kuma ƙwararren mai gyaran wuta ne zai ɗaura. Na biyu, zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a bazara ba ya wasa da akwatin roba a kan rufi. Inuwa za ka nema masa, ka toshe kafofin da ƙurar hunturu za ta shiga.

Idan ka bi hanyar Jega ka isa Shagari, tambayar ta ɗan canza. Manomin rani a gefen dam ɗin Shagari gonarsa ta yi wa Wi-Fi nisa, domin shi mitoci kaɗan yake kaiwa. A nan ake komawa ga LoRa, rediyon da ke ɗaukar ɗan guntun saƙo kamar "ƙasa ta bushe" ya kai shi kilomitoci da ƙaramin batir. Matsalar dai ita ce wadda masu bututun mai suka fuskanta a 1999: nisa, tsada, da layin da ba a dogara da shi.

Saboda haka idan mai shago ya miƙo maka makunnin zamani, yi masa tambaya ɗaya: in babu intanet, yana aiki? Tankinmu dai tun daga lokacin bai sake zuba ba, ƙanena kuma yana barcinsa har asuba.