Tarawa da ɗebewa a ƙauyukan Kano: daga rabon gado zuwa naira da kwabo

Lissafin rabi da sulusi da rubu'i ya daɗe a karkarar arewacin Kano tun kafin zuwan boko. A ƙasar Ɗambatta da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa gonaki a manne suke da juna, ana noma su kowace damina ba hutu, taki ne ke riƙe da ƙarfinsu. Inda ƙasa ta yi ƙaranci haka, taku ɗaya na gona abin a kai ƙara gaban alƙali ne, shi ya sa rabon gado ya zama babbar makarantar wannan lissafi.

Malaman fiƙihu sun koyi ƙa'idar daga littattafan Malikiyya, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil. Kason da shari'a ta yanke shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Wuyar tana wajen haɗa su, domin sumuni da sudusi ba sa taruwa sai an mayar da su ma'auni ɗaya. Malami kan nemo adadin da kowane kaso zai fita daga cikinsa ba saura, wanda ake kira asalin mas'ala. Idan magidanci ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza, sai a kasa dukiyar kashi 24. Matar ta ɗauki sumuni, wato 3, uwar ta ɗauki sudusi, wato 4. An tara 7, an ɗebe daga 24, saura 17 na 'ya'ya. Daga nan a shiga gona da igiya a auna, a dasa gamba ko aguwa a kan sabuwar iyaka.

Wani lokaci kason kan zarce dukiyar. Mata da 'ya'ya mata biyu da uba da uwa suna da 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27, alhali asalin 24 ne. Sai a ɗaga asalin ya koma 27, ragin ya shafi kowa daidai gwargwadon rabonsa. Wannan shi ne auli, kuma dabara ce ta adalci da ta cancanci ɗalibin lissafi na yau ya san ta.

Zakkar hatsi ta fi sauƙi. Amfanin damina idan ya kai nisabi ana fitar da ushuri, dami ɗaya cikin goma, abin da aka yi wa ban-ruwa da wahala kuwa rabin haka.

A kasuwa labarin daban ne. Zamanin wuri babu guntun kuɗi, domin ba a raba wuri biyu, sai dai yawan ƙirga. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, azurfa ɗaya ta Turai tana daidai da wuri 2,500, buhun wuri da ake kira keso kuma yana cin 20,000. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 aka shigo da fam da sule da kwabo: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Sisi rabin sule ne, taro rubu'insa, ɗari rabin kwabo, anini kuwa ɗaya bisa goma na kwabo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manomi ya wayi gari dole ya iya wannan lissafi da ka, in ba haka ba a cuce shi a bakin sikeli ko wajen biyan haraji. Wanda ya karɓi sule bakwai da sisi, aka ƙara masa sule biyar da nai, wato kwabo 9, sai ya haɗa kwabo 6 da 9 su ba shi 15, ya cire 12 ya mayar sule, ya tashi da sule 13 da taro.

Ranar 1 ga Janairu 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta koma naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo 10, naira kuma kwabo 100. Wancan ciniki sai ya koma 0.75 da 0.575, jimla 1.325, wato naira ɗaya da kwabo 32 da rabi, kuma cikin sababbin tsabar kuɗin har da na rabin kwabo. Yanzu abin da ake bukata shi ne a jera ɗigo a ƙarƙashin ɗigo, a tara kamar kowane adadi. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 ya kai wannan hanya makarantun ƙauye.

Lissafin ɗigo ya sauƙaƙa ciniki, amma bai kori tsohuwar hanya ba, domin sulusi da sudusi ba sa ƙarewa idan aka rubuta su da ɗigo. Saboda haka har yau, ko da kalkuleta a hannu, mai rabon gado a kotun shari'a ko a zauren dagaci da asalin mas'ala yake farawa, sannan ya mayar da kason kowa naira.