Samanja da Ɗan Masaƙan Lyon

Da aka ce kowa ya kawo abin da za a sa a wannan mujalla ta tunawa da shekarun da ƙungiyarmu ta yi, na san 'yan uwa za su rubuta tarihin shugabanni, da tarukan sallah, da wahalar neman takardar zama. Ni kuwa na ce a bar ni da Samanja. Wasu suka yi dariya, wai me ya haɗa ɗaliban Faransa da tsohon sojan Kaduna? To, ku biyo ni ku ji.

Ranar Lahadi 12 ga Nuwamba 2023 ina ɗakina a Lyon, sanyi ya fara shigowa, sai ga saƙon yayata a WhatsApp: Allah Ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna yana da shekara 81. Na yi salati, na ajiye wayar. Wallahi wanda ya fara faɗo mini a rai shi ne kakana, wanda muke kira Baba Tsoho. Ya yi yaƙin basasa, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ba mu labarin fagen daga ba. Ka tambaye shi, sai ya ce ka je ka ɗebo masa ruwan alwala. Amma da an sa kaset ɗin Samanja a gidanmu na Zariya, sai ka ga tsohon nan yana dariya har da hawaye, yana nuna talabijin da sanda yana cewa, "Haka suke! Wallahi haka suke!" Duk abin da na sani game da zamansa a bariki, daga wannan dariyar na tsince shi.

An haifi Usman Baba a 1942 a Pategi, garin Nufawa da ke bakin kogin Kwara, a cikin jihar Kwara ta yanzu. Ɗan gidan sarauta ne, mahaifinsa Etsu ne na Pategi. Ya yi karatu a garinsu da Ilori, sannan ya taho Kaduna, inda ya samu aiki a gidan rediyon Arewa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka shiga neman matasa, sai ya bar aikinsa ya sa kaki, aka horar da shi a sashen sadarwa na soja a Apapa da ke Legas. Ya bar aikin soja a 1985. Abin da ya fi ba ni mamaki a rayuwarsa shi ne zaɓin da ya yi. Mutum ne da ƙofar gadon sarauta take buɗe gare shi, amma ya fi son dandalin wasa. Ku da kuka san yadda ake kallon ɗan wasan kwaikwayo a ƙasarmu a wancan zamani, kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba a kan fili fetal ya yi gini ba. Tun kafin zuwan Turawa muna da wasan gauta da kalankuwa, da 'yan kama masu kwaikwayon malamai, da tashe da yara ke yi in azumi ya kai goma. Daga baya aka fara rubutawa: Abubakar Tunau ya yi Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya yi Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Da aka buɗe gidan talabijin a Kaduna a 1962, wasa ya samu sabon gida, inda irin su Yusuf Ladan da Ƙasimu Yero suka yi suna. A cikin wannan zuri'a Samanja Mazan Fama ya fito, ya mamaye shekarun 1970 da 1980.

Sunan kansa muƙamin soja ne na Turanci da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Samanja mutum ne da ke tsakiya: hafsoshi a samansa suna ba shi umarni, kurata a ƙasansa yana yi musu tsawa. Ga gashin baki, ga sanda a hammata, ga murya kamar aradu. Sai kuma harshen, Hausar bariki, wadda namiji ke komawa mace a cikinta, a fara jimla da Hausa a ƙare da Turancin fareti. Banufe ne ya ɗauki Hausar da Tibi da Angas da Bachama suke magana da ita a cikin kaki, ya kai ta ɗakin kowa. Shi ya sa har waɗanda ba Hausawa ba suka ɗauke shi nasu.

Yanzu bari mu dawo Lyon. Makonni kaɗan bayan rasuwar, wata abokiyar karatuna 'yar garin ta ja ni gidan tarihi na Gadagne da ke tsohuwar unguwa, inda aka ajiye 'yan tsanan wasa. Na bi ta ne don kunya kawai, ina cewa a raina me zan yi da wasan yara. A can na ji tarihin Laurent Mourguet.

An haife shi a Lyon a 1769 a gidan masaƙan siliki. Da juyin juya halin Faransa ya karya kasuwar siliki, sai ya shiga talla a kasuwanni, daga nan ya koma cire haƙori. Kamar dai wanzaman garinmu, a fili yake aikinsa, kuma don ya tara jama'a ya ɗauke hankalin mai ciwo sai ya riƙa wasa da 'yan tsana. Wasan ya fi cire haƙorin kawo kuɗi, ya ajiye awartaki. Wajen 1808 ya ƙirƙiro Guignol, talakan masaƙi mai bakin tsiya, da matarsa Madelon, da abokinsa Gnafron, baduku mashayi. Guignol ba ya jin Faransancin Paris, da karin unguwar masaƙa yake magana. Kullum mai gida na binsa kuɗin haya, kullum ɗan sanda na neman kama shi, ƙarshe kuma ɗan sandan ne ke shan sanda. Masu kallonsa na farko manya ne, ma'aikata, irin waɗanda suka yi bore a Croix-Rousse a 1831 da 1834. Mourguet bai iya karatu da rubutu ba, da ka yake tsara wasansa daga labarin da ya ji a gari a ranar. Ya rasu a Vienne a 1844.

Ina tsaye gaban gilashin nan ina kallon ɗan tsanan katako, sai na ce da abokiyata, ai mu ma muna da irinsa, sai dai namu mutum ne. Dukansu biyu sana'ar da suka yi da hannunsu suka kawo dandali, ɗaya saƙa, ɗaya soja. Dukansu da harshen da masu ilimi ke rainawa suka yi magana. Amma akwai bambanci, kuma a nan nake ganin Samanja ya ɗauki kaya mafi nauyi. Guignol talaka ne da ke dukan mai kaki. Samanja shi ne mai kakin da kansa. Ku tuna, soja ne ke mulkin Nijeriya daga 1966 zuwa 1979, suka dawo a ƙarshen 1983. A lokacin da farar hula ke sauka daga hanya in ya hango kaki, ga wani ya sa kakin yana nuna wa duniya cewa mai tsawar nan shi ma yana da rigimar gida, yana kuskure, yana rawar jiki gaban na sama da shi. Farar hula ya samu damar yi wa soja dariya ba tare da an ce ya yi tsallen kwaɗo ba, sojan kuma, irin su Baba Tsoho, ya ga kansa ya yi dariyar shi ma.

Abin da ya hana ni barci shi ne tambayar yadda wasan mutumin da bai iya rubutu ba ya kai shekara fiye da 200. Amsar tana da ban dariya. A 1852 gwamnatin Napoleon na Uku ta tsananta tace wasanni, aka tilasta wa masu Guignol su riƙa kai rubutaccen wasa kafin su nuna. Sannan a 1865 wani alƙali ɗan Lyon, Jean-Baptiste Onofrio, ya tattara wasannin ya buga su a littafi. Wato dokar da aka kafa don a toshe masa baki tana cikin abin da ya adana muryarsa. A Paris kuma, duk wanda ya shiga Comédie-Française zai ga kujerar da Molière ya zauna a kai a wasansa na ƙarshe a 1673, an killace ta cikin gilashi.

Mu fa? Na kira gida na tambayi kaset-kaset ɗin Baba Tsoho. Yayata ta ce, "Ƙanena, ai tun shekarar da rufin ɗakin ya yi yoyo suka lalace, aka zubar." Ban ga laifin kowa ba, don ni ma da ina nan a lokacin da ni za a kwashe su. Na shiga YouTube, abin da na samu guntaye ne, hoton ya dushe, murya na shaƙewa. Da na je ɗakin karatu a Paris neman abin da aka rubuta kan wasan Hausa, littattafan da suka fi taimaka mini na baƙi ne: Janet Beik da ta rubuta kan wasan Nijar a 1987, da Graham Furniss a 1996. Allah Ya saka musu, amma abin da kunya.

Shi ya sa a taron sallarmu na Paris na nace sai mun yi Samanja. Na sayo tsohon kaki a kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen, na manna gashin baki. 'Yan uwanmu na Nijar suka ce ba su yarda ba sai an sa nasu, don su da Yazi Dogo da 'yan wasan Damagaram suka tashi, aka raba lokaci biyu. Ni kuma na yi dabara, duk inda Samanja zai juya zuwa Turanci sai na juya zuwa Faransanci. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda ko gaisuwa sai an matsa musu suke yi da Hausa, su suka fi kowa dariya, don irin maganar da suke ji ke nan a gidajensu kullum. Bayan an tashi wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, gashin bakin ya karkace, amma muryar ta yi." Wata yarinya 'yar shekara tara kuma ta zo ta tambaye ni wane ne Samanja na gaske, kuma a ina za ta kalle shi. Na rasa abin da zan nuna mata in ban da guntayen nan.

Rabilu Musa Ibro ya tafi a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Samanja a 2023. Waɗanda suka yi aiki da su, masu ɗaukar hoto da masu kwalliya da abokan wasa, wasunsu na nan da rai a Kaduna da Kano da Damagaram da Yamai. Roƙona ga duk wanda zai je hutu gida bana: ka duba akwatin tsohonku kafin damina. In ka samu kaset, kada ka ce ai ba na'urar kunna shi, ka kawo, a nan akwai masu mayar da shi cikin kwamfuta. In kuma akwai tsohon ɗan wasa a unguwarku, ka je ka gaishe shi, ka nemi izini ka kunna wayarka, ka tambaye shi yadda suke tsara wasa, da abin da ake biyansu, da abin da iyayensu suka ce ranar da suka fara. Ni na ɗauki nauyin tattarawa, sakataren ƙungiya ya san inda zai same ni.

Allah Ya jiƙan Alhaji Usman Baba Pategi, Ya jiƙan Baba Tsoho da sauran magabatanmu, Ya sa mu gama karatu lafiya mu koma gida da abin kirki. Amin.