Ayasofiya: Ginin da Jama'a Ba Su Taɓa Bari Ya Huta Ba

Duk baƙon da ya isa dandalin Sultan Ahmed a birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, wanda Hausawan dā suke kira Santambul, zai ga manyan gine-gine biyu suna fuskantar juna. Ɗaya shi ne Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya 6. Ɗayan kuwa, mai jan bango da hasumiya 4, shi ne Ayasofiya, wanda ya girme shi da fiye da shekara dubu. A ƙofarsa, tun da safe, ake samun dogon layin 'yan yawon buɗe ido. Wanda bai san tarihin ginin ba zai sha wahalar layi ya fito da hotuna kawai.

Asalin ginin

Sunan Ayasofiya daga harshen Girkanci yake, ma'anarsa Hikima Mai Tsarki. A lokacin da aka gina shi, sunan birnin Kustantiniya, hedikwatar Daular Rumawa ta Gabas. Majami'u biyu aka fara ginawa a wurin, ta farko a shekarar 360, ta biyu a 415, kuma duk wuta ce ta cinye su. Ta biyun ta ƙone ne a 532, lokacin da mutanen gari suka yi wa Sarki Justiniyan bore. Da ya murƙushe boren, sai ya sa masana lissafi biyu, Antimiyus da Isidor, su gina masa wadda ba a taɓa ganin irinta ba. Cikin shekara 5 da wata 10 aka gama aikin, aka buɗe ta ranar 27 ga Disamba, 537.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙubbarta. Faɗinta ya kai mita 31, tsayinta daga ƙasa kuwa kimanin mita 55, ga tagogi 40 sun kewaye gindinta. Idan rana ta shigo ta tagogin nan, sai mutum ya ga kamar ƙubbar ba a kan komai take zaune ba. Amma girgizar ƙasa ta raunana ƙubbar farko, ta rufta a 558. Aka sake ɗora wata, aka gama a 562. Kusan shekara dubu babu babbar majami'ar da ta kai ta girma a duniya.

Baƙin zamanin dā

Zuwa kallon Ayasofiya ba yau aka fara ba. Tarihin Rashawa ya nuna cewa jakadun Sarki Baladimir na Kiyef sun halarci ibada a cikinta, suka koma gida suna ta yabon kyanta, kuma a 988 sarkin ya karɓi addinin Kirista. A saman bene akwai wani rubutu da aka kankara a jikin marmara da haruffan mutanen arewacin Turai, inda ake iya karanta sunan Halfdan. Ana kyautata zaton wani sojan haya ne ya rubuta shi fiye da shekara dubu da suka wuce. Ashe halin nan na baƙo ya bar sunansa a jikin bango tsohon hali ne.

Wasu baƙin da takobi suka zo. A 1204 mayaƙan Salibi daga Yammacin Turai suka ci birnin, suka wawashe zinariya da azurfar majami'ar. Sai a 1261 Rumawa suka ƙwato birninsu.

Daga majami'a zuwa masallaci

Ranar 29 ga Mayu, 1453, Sultan Muhammadu na Biyu na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya ci birnin, ya mai da ginin masallaci. Aka yi mihrabi da mumbari, a hankali kuma aka ɗora hasumiyoyi. Mai lura zai ga mihrabin ya ɗan karkata dama, domin tun asali ba alƙibla ginin yake kallo ba. A ƙarni na 16 shahararren maginin nan Sinan ya tokare bangwayen daga waje don kada nauyin ƙubba ya tura su. A farfajiyar akwai kabarin Sultan Murad na Uku, wanda ya yi musayar wasiƙu da Mai Idris Aloma na Barno a shekarun 1570.

Daga 1847 zuwa 1849 aka yi wa ginin babban gyara. A lokacin ne aka rataya manyan fayafayai 8, kowanne faɗinsa mita 7 da rabi, ɗauke da sunan Allah, da na Annabi Muhammadu (SAW), da na halifofi huɗu, da na Hasan da Husaini. Kusa da su akwai hotunan Kiristoci da aka yi da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, waɗanda aka taɓa shafewa da farar ƙasa.

Gidan tarihi, sannan masallaci kuma

A 1934 gwamnatin Mustafa Kamal Ataturk ta mai da ginin gidan tarihi, aka buɗe shi ga masu kallo a 1935. A 1985 hukumar UNESCO ta sa shi, tare da tsohon birnin, cikin kayan tarihin duniya. A 2019 kaɗai mutum kusan miliyan 3.7 suka ziyarce shi. Ranar 10 ga Yuli, 2020, kotu ta soke hukuncin 1934, aka yi sallar Juma'a a ciki ranar 24 ga watan. Musulmi da yawa sun yi murna, yayin da gwamnatin Girka da shugabannin Kiristoci suka nuna ɓacin ransu.

Da aka cire kuɗin shiga, sai cunkoso ya ƙaru. A watan Afrilu na 2022 aka ga an ɓantare wani sashe na tsohuwar ƙofar katako da sarakunan Rum suke shiga ta cikinta, jaridun Turkiyya suka yi ta ƙorafi. Saboda haka daga 15 ga Janairu, 2024, aka raba ƙofa: masallata su shiga ƙasa kyauta, baƙi masu kallo kuma su biya Yuro 25 su hau bene. Daga can suke leƙo sahun masu salla, suna kallon tsofaffin hotunan bango daf da su.

Wannan tsari bai kashe maganar ba. Masallaci yana bukatar natsuwa, mai yawon buɗe ido yana so ya ga ko'ina, shi kuwa ginin ya kusa shekara 1,500 a yankin da ƙasa take yawan girgiza. A 2025 aka fara aikin ƙarfafa ƙubbar, a watan Afrilun shekarar kuma wata girgizar ƙasa ta jijjiga birnin. Don haka wanda Allah ya kai shi Ayasofiya, ya je da sassafe, ya sa tufafin da suka dace da masallaci, ya guji lokacin sallar Juma'a idan kallo ya kawo shi, kuma ya tsare hannunsa daga taɓa bango da ginshiƙai.