Gigin Tsufa Tun Ba a Tsufa Ba

A ƙauyukanmu, daga Ɗambatta har Bichi, in tsoho ya fara mance sunan jikokinsa sai a ce gigin tsufa ne, a yi ta haƙuri da shi. To, in magidanci ɗan shekara 50 ne ya tafi gona ya kasa gane hanyar gida fa? Nan sai ku ji ana cewa sammu ne, ko iskoki. Ku saurari tarihin abin, ku ji.

Cikin shekara ta 1901, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, wani mutum ya kai matarsa asibiti. Sunanta Auguste Deter, shekarunta 51. Ga mantuwa, ga zargin miji ba dalili, har rubuta sunanta ya gagare ta. Likitan da ya duba ta, watau Alois Alzheimer, ya riƙa rubuta halinta. Da ta rasu a 1906, ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya tarar ta motse, wasu abubuwa sun taru sun ɓata ta. A 1910 aka sa wa cutar sunansa. Kun ga ashe wadda aka fara gane cutar a jikinta ba tsohuwa ba ce.

Yau likitoci kan ce cutar ta zo da wuri in ta kama mutum bai kai shekara 65 ba. A 2021 masana a ƙasar Holan suka tattara binciken ƙasashe da yawa, suka ƙiyasta mutum miliyan 3 da dubu 900 ke fama da gigin tsufa iri daban-daban a duniya, daga masu shekara 30 zuwa 64. Waɗannan kuwa su ne masu ci da gida.

Batun jinya kuma, a ƙasarmu aka koya wa duniya darasi. A 1954 Likita Adeoye Lambo ya fito da wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu ciwon ƙwaƙwalwa, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Aka ga sun fi samun natsuwa cikin jama'a.

Saboda haka, in kun ga naku ya fara maimaita tambaya ɗaya, ko lissafin kuɗi ya rikice masa, ko halinsa ya sake, ku kawo shi nan a duba, a tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Kada ku yi jinkiri. Wani mantuwar daga ciwon maƙoƙo take, ko tunjere, ko ƙanjamau, waɗannan kuwa suna da magani. Irin ta Alzheimer har yanzu ba ta warkewa, amma akwai abin da ke rage wahalarta. Hawan jini da ciwon sukari ma suna ɓata ƙwaƙwalwa, ku riƙa zuwa awo.

A gida kuwa, kada a sa masa mari, kada a bar yara su yi masa ele. Ku ɗinka masa takarda a aljihu mai sunansa da na garinsu. Ku rufe rijiya, ku kula da wuta. In mace ce, kada a sake ta, ba da gangan take yi ba. Kada kuma a bar wa mutum ɗaya jinya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa su riƙa karɓar juna, da damina a yi masa gayya, kada a cire 'ya'yansa daga makaranta.

Allah ya ba mu lafiya, amin.