Motar lantarki da hanyar Birnin Gwari: Abin da ya kamata mai saye ya sani

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin mallakar mota ya sauya a Najeriya. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a garuruwa da dama na Arewa kafin ƙarshen 2024. Wannan ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa suka fara tambaya kan motar da ba ta shan mai, musamman ƙananan nan masu zafin gudu da ke jan hankalin matasa. Ga bayani kan yadda suke aiki, da abin da direbobinsu ke faɗa, da kuma yadda lissafin yake idan aka ɗora shi a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari.

Wace irin mota ce?

Motar lantarki ba ta da tankin mai, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai, ba ta buƙatar fulogi. A ƙarƙashin kujerunta akwai shimfiɗaɗɗen batir, shi ke ba wa injin lantarki wutar da yake juya tayoyi. Ana auna cikin batirin da irin yunit ɗin da ake saye a mitar gida, don haka batir mai yunit 64 yana ɗaukar wutar da ta kai yunit 64 kafin ya cika.

Ƙirar da ake magana a kanta ita ce irin ta Golf, wato ƙaramar mota mai ƙofa biyar wadda but ɗinta ke haɗe da ɗakin fasinja. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Nissan Leaf ta Japan da ta fito a 2010, da BYD Dolphin ta China, da kuma MG4 ta kamfanin SAIC na China, wadda ta shiga kasuwar Turai a 2022. A 2023 aka fitar da samfurinta na gudu, MG4 XPower, mai inji biyu da ƙarfin doki 435. Daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 3.8, kuma kamfanin ya ce cikakken caji yana kai ta kilomita 385.

Yadda ta shigo Najeriya

A watan Nuwamban 2020 kamfanin Stallion ya gabatar da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas, sannan aka ƙaddamar da ita a Abuja a farkon 2021. A lokacin Hukumar Tsara Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa tana ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. A 2021 hukumar ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ta kuma buɗe wata a Jami'ar Legas.

A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya shahara wajen mayar da ƙananan bas-bas masu amfani da fetur zuwa na lantarki, kuma a watan Disamban 2023 Gwamnatin Borno ta saka tasi masu lantarki a titunan birnin. A watan Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta cire harajin kayan masarufi a kan irin waɗannan motoci, sannan a 2025 kamfanin BYD ya fara sayar da nasa a Legas. A duniya kuwa, an sayar da motocin da ake yi wa caji sama da miliyan 17 a 2024, fiye da rabinsu a China.

Abin da direbobi ke yabo

Inda aka daɗe ana hawan waɗannan motoci, yabon da ake yi musu kusan iri ɗaya ne. Na farko shi ne tashi. Injin lantarki yana bayar da ƙarfinsa nan take, babu jiran sauya giya, don haka wuce tirela a kan titi mai hannu biyu yakan zo da sauƙi. Na biyu shi ne zama a ƙasa, domin nauyin batirin yana can ƙarƙashi, motar ba ta yawan karkata a kwana. Na uku shi ne rashin ƙara da rashin hayaƙi.

Sai batun gyara. Sassan da ke motsi a cikinta kaɗan ne, kuma birkinta yana daɗewa, saboda da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin ne ke rage gudun, yana mayar da wutar cikin batir. Wasu samfuran, har da MG4, ana iya jona musu firji da fanka da ƙwan lantarki idan an ɗauke wuta, abin da mai shago a Kaduna ko Kano ba zai raina ba.

Abin da suke kuka da shi

Babban ƙorafin shi ne nisan da kamfani ke rubutawa ba shi ake samu a titi ba. Gudu mai yawa da na'urar sanyaya ɗaki da lodi suna zuƙe batir, har nisan ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Mai motar fetur ya saba da cewa doguwar tafiya ta fi cunkoson gari sauƙin shan mai. A motar lantarki akasin haka ne, ta fi yin tsimi a cikin gari.

Na biyu shi ne tayoyi. XPower ta kai kimanin kilo 1,800, nauyin da ya zarce na tsohuwar Golf nesa ba kusa ba, kuma nauyi da fizga suna cinye taya da wuri. Na uku shi ne manhajar motar. Masu MG4 a Turai sun sha kokawa da allon sarrafawa mai jinkiri, da kuma na'urar tsare layi wadda kan fizgi sitiyari idan ta ga kamar direba ya kauce. A titin da fentin layinsa ya goge, kuma kauce wa rami ya zama dole, wannan na'ura tana iya zama matsala.

Akwai kuma zafi. Batirin Nissan Leaf na farko ba shi da ruwan sanyayawa, kuma a 2012 masu ita a Jihar Arizona ta Amurka, mai tsananin zafi, sun koka cewa batirinsu ya yi saurin rauni. Wannan darasi ne ga duk wanda ke shirin sayen ta hannu don hawa a bazarar Arewa, lokacin da zafi ke kai maki 40.

Lissafin kuɗi

Irin wannan mota tana cin yunit 16 zuwa 18 a tafiyar kilomita 100. A watan Afrilun 2024 an mayar da kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun aƙalla sa'o'i 20 a rana, zuwa Naira 225 kan kowane yunit, daga baya ya sauka zuwa wajen Naira 209. A wannan farashi, yunit 17 bai kai Naira 3,600 ba. Motar fetur mai shan lita 8 a wannan nisa, idan lita tana Naira 900, za ta ci Naira 7,200. Ke nan mai cajin wutar gwamnati ya rage rabin kuɗin tafiyarsa.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙaramin janareta yana ƙona kusan rabin litar fetur kafin ya samar da yunit ɗaya, don haka yunit 17 zai ci wajen lita 8. Wanda zai dogara da janareta ya koma gidan jiya, ga tsadar motar a kansa.

Lokaci ma abin lissafi ne. A soket ɗin gida, cika batir mai yunit 64 yana ɗaukar fiye da sa'o'i 24. Da na'urar caji ta bango mai kilowat 7, sa'o'i tara zuwa goma ne. A tashar caji mai sauri kuwa, kimanin minti 35 ya isa ya ɗaga shi daga kashi 10 zuwa kashi 80, amma irin waɗannan tashoshi sun fi taruwa a Legas da Abuja. Mai faifan sola na kilowat 5 yana iya tara yunit 20 zuwa 25 a wuni mai rana, wanda ya isa tafiyar kilomita 120 ko sama da haka, muddin motar tana gida da rana ko akwai batirin ajiya.

Dogaro da wutar gwamnati kaɗai yana da haɗarinsa. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya biyo ta Binuwai kuma ya samu matsala. Kamfanin dakon wuta na ƙasa ya ce rashin tsaro ne ya hana ma'aikatansa isa wurin gyara da wuri.

A kan hanyar Birnin Gwari

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari kimanin kilomita 120 ne, ta Buruku da Udawa. Daga can hanyar ta zarce Tegina da Mokwa a Jihar Neja, wata kuma ta nufi Funtuwa. Hanya ce ta masu fataucin masara da dabbobi da manyan motocin da ke zuwa Kudu, kuma ta daɗe da lalacewa. A yankin ne Gandun Dajin Kamuku yake, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, kuma ya haɗu da dajin Kuyambana na Zamfara.

Shekaru da dama 'yan bindiga sun mayar da waɗannan dazuka maɓoya, suna tare hanya suna sace matafiya. A ƙarshen watan Satumban 2021 Gwamnatin Kaduna ta katse layukan waya a wasu yankuna, ta kuma hana sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomi da suka haɗa da Birnin Gwari. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin, ya karɓi 'yan bindigar da suka amince da sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu, zirga-zirga ta farfaɗo. Duk da haka, tarihin hanyar ya koya wa direbobi cewa ba wurin da ake son mota ta mutu ba ne.

Zuwa da dawowa kilomita 240 ne. Idan aka cire kashi ɗaya cikin huɗu daga kilomita 385 na XPower, saura kimanin 290, wato rarar kilomita 50 kacal. MG4 mai ƙaramin batir, wadda aka rubuta wa kilomita 350, za ta dawo Kaduna da ƙyar. Mai inji ɗaya da aka rubuta wa kilomita 450 ta fi su rara, da kusan kilomita 100, duk da ba ta kai XPower gudu ba. Tsohuwar Leaf mai yunit 24 kuwa, ko tana sabuwa zuwan kaɗai zai iya ƙarar da ita. Mai Golf idan mai ya yanke masa zai samu ɗan bumburutu a ƙauye na gaba. Mai motar lantarki sai dai a ja shi, kuma yawancinsu ɗora su ake yi a kan babbar mota, domin jansu da igiya tayoyi na juyawa yana iya lalata injin.

Sai ramuka. Tsakanin cikin MG4 da ƙasa kimanin santimita 15 ne, kuma batirin ne a wurin. An rufe shi da ƙarfe, ruwan sama ba ya shigarsa, amma dutse ko gefen kwalta da ya zaizaye idan ya lotsa shi, gyaran ya wuce garejin bakin titi. Batirin shi ne sashe mafi tsada a motar, kuma wutar da ke cikinsa ta kai wajen bolt 400, wadda ke iya kashe bakaniken da bai samu horo ba. Ƙarfin doki 435 ba shi da filin nuna kansa a hanyar da ake bi ana kauce-kauce. Abin da ke aiki a nan shi ne tsayi daga ƙasa, da taya mai kauri, da girman batir.

Kafin a biya kuɗi

Mai niyyar saye ya fara da tambayar inda motar za ta riƙa kwana, da sa'o'in wutar da unguwarsa ke samu, da ko wayoyin gidansa za su ɗauki na'urar caji. Idan ta hannu ce, a nemi a auna lafiyar batirin da kwamfuta, a ga kashi nawa ya rage na ƙarfinsa na asali. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin batir na shekara takwas ko kilomita 160,000, amma wannan ba lallai ne ya bi motar da aka shigo da ita ta bayan dillalin kamfani ba.

A kuma duba bakin cajinta, domin na China daban, na Turai daban, na Japan daban. Idan an kawo ta kai-tsaye daga China, a tabbatar allonta yana nuna harshen da mai ita zai iya karantawa. A san wanda zai gyara ta, da garin da yake, da tsawon lokacin da kayan gyara ke ɗauka kafin su iso.

Ga ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin gida da ofis a cikin Kaduna, yana da wuta mai ƙarfi ko sola, ƙaramar motar lantarki za ta rage masa kashe kuɗi a kowane wata, caji ɗaya kuma zai iya kai shi mako. Ga ɗan kasuwar da ke ɗauko hatsi daga Birnin Gwari, ko ma'aikacin da aka tura can yana dawowa gida duk ƙarshen mako, sharaɗin shi ne ya tanadi wurin caji tabbatacce a can kafin ya sayi motar, kuma kada ya bar Kaduna sai batirinsa a cike.